Soson Kogon Teku

Kakata ta wajen uwa, wadda kowa a Tarai ke kira Iya, ita ce ungozomar unguwarmu. Rabin magidantan da ke cika sahu a masallacinmu hannunta ne ya fara wanke su, kuma ba ta bari su manta. In wani ya wuce bai rusuna ba sai ta ce, "Tafi dai, na san ka tun cibiyarka tana ɗanya." Kowace damina soso ne ke hawa dangarta ya lulluɓe ta. Lokacin kaka sai ta tsinko, ta ɓare, ta kaɗe 'ya'yan a ƙwarya ta ajiye na baɗi. Da shi take wanke jarirai, shi da sabulun salo.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, kawuna, ɗanta na biyu, ya samu kujerar Makka. Direba ne, yana jigila tsakanin Rano da birni, kuma ya sha ɗaukar 'yan siyasa lokacin yaƙin zaɓe har ɗaya daga cikinsu ya tuna da shi. Ya dawo da haƙorin Makka da dariyar da ba ta ƙarewa, don dai a gani. Aka raba dabino, da zamzam, da bagaruwa. Ita Iya sai ya miƙa mata wani abu mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya kai curin fura biyu, duk jikinsa ƙofofi.

"Soso ne, Iya, na teku. Ba'indiyen da ya sayar mini a Jidda ya ce a kogon dutse ake ciro shi, can ƙarƙashin ruwa a bakin gaɓa, inda rana ba ta leƙawa. Wai mutum sai ya yi nutso da wuƙa. Kuma wai dabba ce."

Iya ta jujjuya shi, ta shinshina, ta kaɗa a gefen kunnenta.

"Alhaji, an ci kuɗinka. Ina 'ya'yansa?"

"Ba shi da 'ya'ya, Iya."

"Soso ne ba shi da 'ya'ya? To uban wa ya shuka shi?"

Ba ta yarda ba. Ta yanki gefe guda ta binne a gindin danga, kuma tun da kawu ya ce ruwan teku gishiri ne, sai ta riƙa jiƙa gishiri tana ba shi safe da yamma. Ni a lokacin ina amarya a Rano, duk zuwan da zan yi sai na tsokane ta, "Iya, ya gonar Jidda? An fara yabanya?" Ta ce in bari ya fito, ko ganye ba za ta ba ni ba. Abin da ya faru dai shi ne gishirin ya ƙone mata yakuwar da ke gefe. Da ta gaji ta tona, ta tarar da shi yadda ta binne shi, sai dauɗa da ya ƙara.

Na zaci za ta jefar da ragowar, sai na ga abin ya ƙara girma a idonta. Ta sa kawu ya sake ba ta labarin tun daga farko: kogon, da duhun, da yadda abin yake manne a jikin dutse ba ya zuwa ko'ina, ruwa ne ke shiga ta ƙofofinsa ya bar masa abinci ya fita. Da ya gama ta ce, "Ikon Allah. Ana cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wannan ko bakin ma ba a tsaga masa ba, ga shi yana ci." Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a ƙasan adudunta. In baƙi sun zo takan ciro, ta tsoma a ruwa su ga yadda yake kumbura ya yi laushi, sannan ta ƙwace abinta.

Cikina na fari yana wata bakwai na zo Tarai biki, naƙuda ta kama ni a ɗakin Iya. Yaron ya zo bakwaini. Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Fatarsa ja ce, sirirya kamar ɓawon albasa, ana ganin jijiyoyi ta ciki, kukansa kuma sai ka kasa kunne kafin ka ji. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kasa ma taɓa shi.

Kafin la'asar gwaggon mijina ta iso daga Rano a kan acaɓa, da sabon soso a jakarta. Mace ce mai kirki amma ba a ja da ita a kan al'ada. A wajenmu wankan farko ba wasa ba ne. An ce jaririn da ba a dirje shi da soso ba ranar da ya zo duniya, ƙarnin haihuwa ba zai rabu da shi ba har ya tsufa, kuma uwar ce za a riƙa nunawa da baki.

"Iya, a sa ruwa," in ji ta. "Ba za a ce ɗan gidanmu yana wari ba."

Na kalli soson nan, busasshe, mai kaushi, na kalli bayan ɗana. Ina so in yi magana, amma haihuwar fari ce, ko kallonsa da yawa a gaban mutane rashin kunya ne. Hawaye kawai nake yi.

Iya ba ta yi musu da ita ba. Ta miƙe ta buɗe adudu.

"Hajiya, soso aka ce ko? To ga soso. Daga ƙasa mai tsarki ya zo. Ko naki ya fi shi?"

Gwaggo ta mayar da nata soson cikin jaka. Wa zai ce nasa ya fi na Makka?

Aka rufe ƙofa, aka matso da kaskon wuta. Iya ta ɗora yaron a tafin hannunta ɗaya, ta tsoma soson a ruwan ɗumi. Ba ta goga ba, ɗorawa take ta matsa a hankali, ruwan ya gangara da kansa. Tana yi tana masa magana ƙasa-ƙasa, "Angona, ka zo da wuri, ko lefe ban gama haɗawa ba." Wannan hannun da na sha gani yana murɗe wuyan daƙwalwa, ranar ko alama bai bar masa a jiki ba. Ta naɗe shi a auduga da zane, ta cusa mini shi a ƙirji, ta ce kada in kuskura iska ta same shi. Washegari kawu ya kai mu asibiti, aka duba shi, aka ce mu ci gaba da riƙe shi da ɗumi.

Haka muka yi ta yi. Ni ana ba ni wankan jego da kunun kanwa, shi kuma kullum Iya da soson teku. Aka yi suna ba taro. Masu zuwa barka suna leƙa shi su ce "Allah ya raya," amma ina jin yadda suke faɗa, kamar masu gaisuwar mara lafiya. Kowace safiya kafin in buɗe ido sai na fara lalubar ƙirjinsa.

Mun wuce arba'in da 'yan kwanaki, wata hantsi Iya ta karɓe shi, ta auna shi a hannu, ta ɗan ja fatar cinyarsa. Sai ta fita tsakar gida, ta dawo da soson dangarta.

"Iya!" na ce.

"Ke, yi mini shiru."

Ta shafa sabulun salo, ta kwantar da shi a ƙafafunta, ta dirje masa baya kamar kowane ɗa. Yaron ya ƙanƙame hannu ya tsala ihun da sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga tana tambayar ɗan wa aka kawo. Na duba bayansa, ya yi ja, amma ko ƙwarzane babu.

Iya ta miƙo mini shi yana ta harbin iska.

"Ungo abinki," ta ce. "Ya zauna."