Kawu Sufeto da Bindigoginsa na Bayan Iyaka

"Salamu alaikum, kowa ya tsaya inda yake!"

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san wannan sallama, ya kuma san mai ita. Kawu Ɗanlami ne, yayan mahaifiyata, wanda unguwa ta laƙaba wa Sufeto. Da ita yake shiga gida, da ita yake shiga wurin mai shayi, har gidan suna ya taɓa shiga da ita. Yana faɗa zai cusa hannu cikin falmaran ɗin nan tasa da ko zafin Makka bai raba shi da ita ba, ya zaro abin da ke hammatarsa, fit! Baƙi nawa suka zubar da shayi a cinya? Ashe aswaki ne. Kube ne na fata rataye a wurin, irin wanda 'yan sandan talabijin ke sa ƙaramar bindiga, shi ya ɗinka abinsa. A cikin garin Makka dai ban taɓa ganin komai a kuben nan ba sai aswaki.

Baduku ne. Ya zo aikin Hajji daga Kano yana saurayi ya ƙi komawa, ya kafa 'yar rumfa yana gyara wa alhazai takalma da jakunkuna. Takardunsa sun mutu tun rasuwar Balaraben da ya tsaya masa, bai kuma sake samun wasu ba. Kun san abin da wannan ke nufi: rana ɗaya a tare shi a tambaye shi iƙama, wato takardar izinin zama, sai jirgi, sai Kano. Shi kuwa abu guda ya roƙi Allah a duniya, kullum bayan salla sai ya maimaita, a ɗauki ransa a cikin hurumin Makka a rufe shi a ƙasarta. To mutum mai irin wannan buri ai laɓewa ya kamata ya yi. Kawu bai san laɓewa ba.

Ciwon ya kama shi ne a gaban talabijin ɗin wani mai shayi, zamanin da ake nuna wasannin 'yan sandan Turawa. Bai jin Turanci, rubutun Larabcin da ke wucewa a ƙasa kuma ya fi shi gudu, don haka shi yake ƙirƙira wa mutane labarin. Ya sa wa kowane ɗan sanda suna: akwai Dogo, akwai Mai Gashin Baki, akwai Uban Fushi. Ana tsakiyar harbi jama'a sun riƙe numfashi, sai ka ji shi ya yi tsaki.

"Ku dubi ɗinkin kuben Dogo don Allah! Wanda ya yi wannan aiki bai ji tsoron Allah ba."

"Sufeto, mutum ake kashewa fa!"

"Ai dole a kashe shi. Da wannan kuben yaushe zai zaro ta a kan lokaci?"

Daga nan ya shiga bin kasuwar tsofaffin kaya yana tsinto libarba, wato bindigar nan mai juyawa a tsakiya. Ba na gaske ba ne, na ƙarfe ne masu kama da na gaske sak, wata ma in ka danna wutar kunna sigari take fitarwa. Kowacce ya ba ta sunan ɗan sandan da ke riƙe irinta, ya ɗinka mata kubenta daidai da na talabijin, sai dai ya gyara kuskuren Bature. Uban Fushi ce 'yar lelen, mai gajeren hanci da mariƙin katako. Duk ya jera su a bangon ɗakinsa, mahaifiyata na shiga tana salati.

Ina ƙarama aka yi wa'azin da ya jawo mana wahala. Malamin masallacinmu ya faɗa a karatu cewa ba a ɗaukar makami a Makka. Kawu ya dawo gida jikinsa a sanyaye, washegari ya kwashe bindigogin a buhu ya kai wa malam shari'a. Malam ya juya ɗaya, ya leƙa bakinta, ya ga a toshe yake.

"Alhaji Ɗanlami, ai wannan kayan wasa ne. Babu komai, ka ajiye abinka."

"Gafarta malam, in na tare ka da ita a lungu, fatawa za ka tsaya nema ko takalmi za ka cire?"

Malam ya ce gaskiya takalmi zai cire.

"To makami ce."

Mai fatawa ya halatta, mai tambaya ya haramta! Ranar ya ɗauki buhun ya fita da shi bayan Tan'im, inda iyakar hurumi ta ƙare, ya kai wa amininsa Baba Garba, mai gadin wani sito a can. Baba Garba ya ba shi bango guda a ɗakinsa. Kube ɗaya kawai Kawu ya dawo da shi, don ya ce fata ba ta harbi.

Shi ke nan fa aka buɗe ziyara. In ya kwana biyu bai ga bindigogin ba sai ya fara ƙaiƙayi, ya ce tsatsa na kiransa. Hanyar kuwa ba a raba ta da shingen bincike. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi rantsuwa.

"Yaya, saboda Allah, a kan kayan wasan yara za ka bari a kai ka tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora? Ka san in suka kai mutum wurin nan sai jirgi!"

"Wa ya ce miki wurin bindiga nake zuwa? Umara nake zuwa ɗaukowa."

Kuma da gaskiyarsa ta wani gefen. Kawu da maƙo, ba zai biya kuɗin mota don abu ɗaya ba. In ya gama goge su da man keken ɗinki, sai ya yi wanka ya ɗaura harami a Tan'im ya shigo da Umara. Ban san wani a Mansur da ya kai shi yawan Umara ba, kuma duk albarkacin Uban Fushi. Kansa bai taɓa tara gashin kirki ba saboda aski.

Da na girma na fara tuƙi, ni aka ɗora wa kai shi, tunda ni haifaffiyar nan ce, takarduna lafiya lau. Ya ba ni muƙamin Saja. Ni kuwa ba na ɓoye masa cewa haushin tafiyar nake ji, tun daga ƙofar gida nake mita har mu isa. Wata rana da hantsi muna fita aka tsayar da mu. Wani matashin askari, cikin jami'an shingen, ya leƙo, ya karɓi katina, sai idonsa ya sauka a kan tudun da ke ƙarƙashin falmaran.

"Esh hada, ya amm? Mene ne wannan?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya riga ni. Fit! Yaron nan ya yi tsalle baya har hularsa ta karkace, ni kuwa na fara kalmar shahada. Da ya ga aswaki ne ke nuna shi, dariya ta kama shi har ya dafa mota, ya kira abokin aikinsa ya ce a sake yi masa. Kawu ya sake. Suka ce yalla, mu wuce, ba wanda ya tuna da zancen iƙama. Na sa giya kenan, sai na ji Kawu ya leƙa ta taga.

"Ya waladi, zo nan. Wannan kuben naka na leda ne? Wa ya cuce ka?"

Na taka mai da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Har muka isa yana yi mini faɗa wai na hana shi ciniki.

Bayan wannan na ce dole a rabu da bindigogin nan kafin su raba mu da shi. Na ɗauki hotunansu a ɓoye, na samo wani mai tara irin waɗannan kaya daga Jidda, mutum mai ladabi da turare mai tsada. Ya zo har ɗakin Baba Garba, ya ga bango, ya matsa kusa yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya san kowacce da wasan da ta fito. Kawu ya ji daɗi har ya sa aka dafa shayi. Na ce a raina yau Allah ya yanke mana wahala.

"A ina za ka ajiye su?" in ji Kawu.

"A akwatin gilashi, ya amm, da fitila a sama. Kowacce a kan ƙyalle ja."

"Kuben fa?"

"Su kuma a wani akwatin daban, don a ga bindigar sosai."

Kawu ya karɓe kofin shayin daga hannunsa.

"Tsirara za ka bar su, jama'a na kallo? Saja, raka baƙo."

Ranar ban yi masa magana ba har muka dawo gida. Shi ko a jikinsa, yana ta talbiyya a kujerar baya.

Abin da muke tsoro bai zo ta hannun askari ba. Wata la'asar Baba Garba ya kira ni ya ce Sufeto ya zo shi kaɗai a motar haya, yana cikin goge-gogensa ya dafe ƙirji ya zame. Na same shi kwance a tabarma, gumi ya jiƙa falmaran. Na ce akwai asibiti a nan kusa. Ya girgiza kai.

"Nan waje ne, Saja. Shigar da ni."

Sai a lokacin na tuna inda muke. Shekarun nan duka yana roƙon cikin hurumi, ga shi ciwo ya kayar da shi a bayan iyaka, gaban bangon bindigoginsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Muka ɗauke shi zuwa mota, Baba Garba ya zauna baya ya ɗora kansa a cinya, na fisgi mota ina kuka ina zagin duk wanda ya tare mini hanya.

Mun hango alamar iyaka kenan na ji muryar Kawu, ƙasa-ƙasa amma irin ta da.

"Tsaya inda kike."

"Kawu, saura kaɗan!"

"Kuben nan ya yi nauyi. Garba, me ka sa mini?"

Baba Garba ya sunkuyar da kai. Ashe da muna ɗaukarsa ya zare aswakin ya zura masa Uban Fushi, wai ta raka shi. Na ce don girman Allah a bar zancen nan, ƙarfe ne kawai, malam ma ya faɗa. Kawu ya ce motar nan ba za ta ƙara taku ba. Mutumin da numfashi ke gagara, amma taurin kai bai gagare shi ba! Ya zaro ta a hankali, karo na farko da na ga ya yi zaro ba sauri, ya shafa mariƙin, ya miƙa wa Baba Garba.

"Sauka ka mayar da ita gida. Ka sa ta a kube."

Haka muka bar Baba Garba a bakin titi, tsoho da libarba a ƙarƙashin riga, yana waige-waige kamar ɓarawon akuya. Wallahi ina kuka dariya ta ƙwace mini. Na ja mota, alamar ta wuce ta gefenmu.

"Mun shiga?"

"Mun shiga, Kawu."

"Alhamdu lillahi. To rage gudu, Saja. Yanzu babu sauri."

Ya ƙara 'yan kwanaki a duniya, har Baba Garba ya zo suka yi faɗan aswakin da ya ɓatar masa. A Harami aka yi masa salla, a ƙasar Makka aka rufe shi. Bindigogin suna nan a bangon Baba Garba, ni nake zuwa goge su yanzu, ina mita a hanya kamar yadda na saba, sai dai babu mai amsa mini daga baya.

Allah, bawanka ya girmama huruminka har da abin da ba ka ɗora masa ba. Ka karɓe shi ba tare da bincike ba, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya tsaya inda yake cikin rahamarka. Amin.