Rabin Ƙwayar Baba

Mahaifina bai iya cin abu shi kaɗai ba. A ruga ya tashi, bayan shanu, kafin kiwo ya gagara ya dawo Maiduguri ya zama dillali a kasuwar shanu. A can daji, in ji shi, ko nono ludayi ɗaya ya rage sai an zagaya da shi. Ya shigo gari da wannan hali bai sauke ba. Goro sai ya ɓara biyu, shayi sai ya nemi kofi na biyu. Mun taso a unguwar Dala ta Maiduguri muna alfahari da hakan, ban taɓa zaton wata rana shi zai nemi ya raba mu da shi ba.

Da zafin wata shekara na lura yana yawan dafe ƙeya, kuma idan ya tako daga masallaci sai ya jingina da bango yana haki. Na ce mu je a duba shi, ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana gane saniya mai ciwo tun daga nesa, ai zai gane kansa. Yana ci, yana barci, me ya rage? Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na bar gidana a unguwar Jiddari Polo na zo na zauna masa a zaure, na ce ba inda zan motsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai iya yi mini tsawa. Ya ce, "To uwata, tashi mu je, kin ci nasara."

A asibiti wata nas ta ɗaura masa abin awo a damtse. Ta auna, ta ce ya huta, ta sake aunawa. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Likita ta ce jininsa ya hau sosai, zuciyar ta fara jin jiki, amma an zo da wuri. Ta rubuta magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe, ta ce a rage gishiri da kitse, mu dawo bayan wata guda.

Na sa ido iyakar iyawata. Duk zuwan da zan yi sai na duba kwalin, in ga yana raguwa daidai, in koma gida da farin ciki. Amma da muka koma awo, jinin bai sauka yadda ake so ba. Likita ta tambaye shi ko yana sha kullum, ya ce wallahi bai taɓa tsallakewa ba. Ta fara maganar ƙara masa wani a kai. Na tsorata, don na san a irin wannan hali ne ɓarin jiki ke shanyewa, kuma na ga yadda yayansa ya ƙare a kwance.

Washegari na yi sammako na je gidan. Ina cikin gida ya dawo daga masallaci ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida tare da amininsa, wani tela Bakano da muke kira Baffa, wanda suka yi shekaru suna shan shayin safe tare. Ina daga soro na ga Baba ya fito da ƙwayar, ya ɗora ta a kan murfin buta, ya ciro ƙaramar wuƙarsa ta ɓare goro. Ya raba ta biyu a tsanake, ya miƙa wa Baffa rabi. Suka yi bismilla suka kora da shayi.

Ban san sanda na fito ba. Ko gaisuwa ban yi ba, na ce, "Baba, me nake gani haka?"

Ya dube ni kamar ni ce na yi abin kunya. Ya ce, "Shi ma ƙeyarsa na sara, ƙafarsa har kumbura take. In zauna gabansa in haɗiye lafiya ni kaɗai?"

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, na ƙi, ya ce in na ƙi shi ma ba zai sha ba."

Na buɗe baki zan zazzaga faɗa, sai kuka ya riga ni. Haushi nake ji, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Na tsayar da keke napep na ce su shiga su biyun.

Likitar nan, Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce wa Baba an yanka masa maganin ne daidai jikinsa, rabi ba ya isarsa, kuma abin da ya dace da shi yana iya cutar da wani. Sannan ta duba Baffa. Ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, ta danna ƙafarsa, yatsanta ya bar rami. Ta tura shi hoton zuciya a ranar. Ciwonsa ya fi na Baba nisa, zuciyar ta yi rauni har ruwa ya fara taruwa. Sai da aka kwantar da shi kwanaki.

Yanzu kowa da kwalinsa, kuma ranar awo tare suke tafiya, suna gardamar wanda jininsa ya fi kyau. Baba ya yarda, amma har gobe in zai sha tasa sai ya ɗan juya baya, don kunya yake ji. Ni kuma duk sanda na hango su a gindin bishiyar nan sai na yi hamdala, na yi wa likitar addu'a ko da ba ta sani ba.

Kwanakin baya ina tsokanar Baba a kan wuƙar, na ce saura kaɗan kyautarsa ta kashe shi. Baffa ya ajiye kofinsa ya ce, "Ki bar shi, 'yata. Ni ba wanda ya taɓa cewa in je a duba ni. Da mahaifinki marowaci ne, da tuni kun ci shinkafar sadakata."