Man Kwakwa a Leɓen Taya

A ƙauyen Titikaveka duk wadda ta manyanta Mama ake ce mata, amma in aka ce Mama mai furanni, to Tepaeru ake nufi. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai faɗin tafin hannu, wadda ta shekara arba'in tana nutsa ƙafa cikin taɓon gonar gwaza. Tun tana budurwa take kitsa kambun furanni irin wanda mata ke ɗorawa a ka, kowace Asabar kuma ta jera su cikin kwando, ta ɗaure a bayan ɗan baburinta roba-roba, ta kama titin da ya kewaye Rarotonga har kasuwar Avarua. Da wannan babur take zuwa gona, da shi take zuwa coci, da shi take karɓo maganin hawan jini. Wanda ba shi da babur a tsibirin nan, ƙafafunsa a hannun mutane suke.

Mijinta Ngatupuna ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mutum marar yawan magana, mai son kwance abu ya ɗaura. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. An binne shi a ƙofar gida, taku biyar daga baranda, kamar yadda kowa ke yi wa nasa. Shi da kansa ya auna wurin tun yana da rai, ya zuba sumunti mai faɗin mutum biyu, ya ce ɓangaren hagu nata ne, tunda dama a hagu take kwana. Kullum da safe kafin ta sa komai a baki sai ta share ganyen mangwaron da ya zuba a kansa, ta canza ruwan furanni, ta ba shi labarin gari. Wani lokaci har faɗa take yi masa kan rufin kicin da ya bari yana yoyo.

'Ya'yansu huɗu duk sun haye teku. Babban, Teokotai, yana tuƙa bas a Auckland, kuma tun ranar da aka rufe ubansa yake waƙa guda: ta tattara ta koma wurinsa. Ya gyara mata ɗaki, ya sa mata na'urar ɗumama ɗaki, har hoton gadon ya turo. Ita kuwa amsarta ba ta canzawa. Wa zai share wa ubanka ganye?

Sai ga shi wata Lahadi da aka kwana ana ruwa, tayar gaba, wadda ta suɗe har ta koma kamar tafin hannu, ta zame da ita a daidai ƙofar coci, a gaban kowa da kowa. Gwiwar hannu kawai ta kuje, farar hularta ta faɗa cikin kwata. Amma kafin ta iso gida labari ya riga ya sauka a Auckland, don mutanen tsibiri ba sa riƙe magana ta kwana. Teokotai ya kira. Ya ce hawan babur ya ƙare. Ya ce in ta sake faɗuwa sau ɗaya, zai zo ya ɗauke ta ko tana so ko ba ta so, kuma wannan karon ƙannensa duka suna bayansa. Ta san ba barazana ba ce. Ta kuma san in babur ya tsaya, gona ta tsaya, kasuwa ta tsaya, wata biyu ya isa a ce tsohuwa ba ta iya zama ita kaɗai.

Ran Litinin ta tura babur ɗin zuwa rumfar Nooroa mai gyara, ɗan ƙanin mijinta, wanda ta goya da bayanta. Yana hango ta ya fara goge hannu da tsumma, yana kallon ƙasa.

"Mama, ki yi haƙuri. Yaya Teokotai ya kira ni jiya. Ya ce in na taɓa babur ɗin nan ba ni ba shi."

"Au, shi ne ya goya ka ko ni?"

"Ke ce, Mama."

"Lokacin da kake tsula mini fitsari a baya ban ji ka nemi izinin Auckland ba. Ƙato da kai, da gemu, ana ba ka umarni ta waya."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zai riƙa kai ta kasuwa a motarsa in ya samu sarari. Ta dubi motar, wadda take kan duwatsu babu ƙafa biyu, ta juya baburinta ta kama hanyar gida. Abin ya ci ranta ƙwarai, don a zuciyarta ta san yaron ba mugunta ya yi ba, tsoro ne, kuma tsoron nan nata ake ji.

Washegari ta shiga bas zuwa Avarua, ta sayi sabuwar taya a wani shago inda mai sayarwar baƙo ne, bai san ɗanta ba. Irin tayar nan ce marar tib, wadda leɓenta ke manne wa ƙarfen wili ya riƙe iska da kansa. Ta sa ta cikin buhun shinkafa don kada 'yan cikin bas su gani. Duk da haka sai da wata ta tambaye ta ko kifi ne ya yi da'ira haka.

Akwatin kayan aikin Ngatupuna na nan ƙarƙashin gado, sifanu a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Ta jawo shi har gefen kabarin, ta ce masa to ga ta, ya zuba ido. Sau da yawa ta zauna a baranda tana kitsa furanni shi kuma yana wannan aiki, kuma Tepaeru mace ce da idonta ba ya mantuwa. Ta kafa babur a kan tsakiyar ƙafarsa, ta tokare cikinsa da kututturen kwakwa har gaban ya ɗaga. Ta kwance noti, ta zare sandar wilin, ta jera kowane ƙarfe a kan buhu bi da bi, yadda ta ciro su. Ta sace iskar tsohuwar tayar. Raba leɓen da ƙarfen ne ya ba ta wuya, don gishirin teku ya manne su. Sai ta tuna dabararsa: ta sa guntun katako a gefen tayar, ta cusa kan doguwar sanda ƙarƙashin dakalin baranda, ta hau ɗaya kan ta zauna da dukan nauyinta. A karo na uku robar ta saki da wani nishi. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce wa kabarin ashe ƙibar nan da yake mata tsiya a kai tana da rana.

Kafin rana ta take ta fitar da tsohuwar da liba biyu, ƙarafan ɓanɓare taya, ta naɗa musu tsumma don kada su karce wilin. Ta goge farar tsatsar da gishiri ya bari har ƙarfen ya yi sumul. Ta duba kibiyar da ke jikin sabuwar tayar, ta tabbatar tana kallon inda wilin ke juyawa. Babu abin da ta tsallake. Saura abu guda, abin da ake shafa wa leɓen don ya zame ya shiga.

Ta tuna sarai da ruwan sabulu Ngatupuna yake yi, a cikin ƙwaryar kwakwa, yana kaɗawa da yatsa. Ta kuma tuna yadda take ganin wannan rowa ce kawai irin tasa, mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa ya sake bugawa. A gidan da ke da man kwakwa kwalba-kwalba, wanda ta kankare ta matse ta shanya da hannunta, wa zai tsaya kan kumfar sabulu? Da shi ake shafe jariri ranar da aka haife shi, da shi ake gyara gashin amarya, da shi aka shafe Ngatupuna kansa kafin a sa shi a akwati. Ƙofa in ta yi ƙara shi ne, adda in ta yi tsatsa shi ne. Ba ta taɓa ganin abin da man kwakwa ya ɓata ba. Ta ɗauko mai kyan, wanda ta jiƙa wa furanni, ta shafe leɓen biyu da wadata.

Tayar ta shige kamar ana jiranta. Ta ɗaura igiya kewaye da ita, ta murɗa da sanda har gefunan suka buɗe suka taɓa ƙarfe, sannan ta hau famfon ƙafa. Ta taka har zufa ta rufe mata ido, ƙirjinta na bugawa a kunne. Can sai tas, aka ɗan jima kuma tas, leɓe biyu sun hau mazauninsu. Ta zauna a gefen sumuntin tana haki, hannuwanta baƙi ƙirin suna ƙamshin furanni. Rabonta da jin daɗi irin na ranar tun kafin mijinta ya kwanta ciwo.

Kwana goma ta yi tana yawonta. Da gangan take rage gudu a gaban rumfar Nooroa, ta danna masa oda. Mata a kasuwa suka yi ta zolayarta wai za su kawo nasu baburan, ita kuma ta ce su zo da kaza. Ta lura tayar kan ɗan yi laushi da safe, amma in ta danna da babban yatsa ta ji da sauran ƙarfi, sai ta ce sabuwar roba ce ke miƙewa.

Ran Asabar ta biyu, da hantsi, kwando cike da kambu ashirin da biyu, tana cikin kwanar da ke gaban wani shagon burodi sai kare ya faɗo titi. Ta damƙe birkin gaba. Wilin ya tsaya, tayar ba ta tsaya tare da shi ba. Leɓen ya zame, iskar ta fita gaba ɗaya a lokaci guda, ƙarfe ya ci kwalta. Abin da ta fi tunawa shi ne furanni warwatse a titi, da wata mota da ta ratsa gefe don kada ta taka su, da kuma yadda ƙafarta ta dama ta kwanta ta wata fuska da ba tata ba.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya ce irin aikin nan ba a nan za a yi shi ba, sai an kai ta Auckland. Teokotai ya sauka da jirgin washegari. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya riƙe hannunta yana kuka shiru, ita kuma tana kallon silin.

Nooroa ya zo ana gobe za a tafi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kira shari'a. Ta sa ɗanta ya fita, ta yafito Nooroa.

"Ka duba tayar?"

"Na duba, Mama."

"Faɗa mini gaskiya. Ina na kuskure?"

Ya ce kibiya daidai take, noti a ɗaure yake tam, babu ko ƙwarzane ɗaya a jikin wilin, wanda shi kansa ba kullum yake fita da aiki haka ba. Sai ya murza hularsa.

"Man ne, Mama. Sabulu in ya gama aikinsa bushewa yake yi, roba ta kama ƙarfe. Mai ba ya bushewa."

Ashe ba rowa ba ce. Shekara talatin tana yi wa mutumin nan dariyar ƙwaryar sabulunsa, bai taɓa buɗe baki ya ce mata ga dalili ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Aikin rabin awa ne a wurina," in ji Nooroa. "Da na yi miki."

"Da ka yi. To yanzu ga wani aikin. Tsintsiya na bayan ƙofar kicin. Ka share wa babanka ganye, kada ka bari su jiƙe su manne, tabo suke bari."

Ta roƙi a bi da ita ta gida kafin filin jirgi, ko daga cikin mota ta yi wa Ngatupuna sallama. Amma asibiti da filin jirgi duk a arewa suke, Titikaveka kuwa tana can bayan duwatsu, kuma mai jinya ta ce ƙugun ba zai ɗauki zagaye ba. A kwance aka shigar da ita jirgi, an ɗaure ta da bel uku, nesa da taga. Ko tekun ba ta gani ba.

An yi aikin, an sa mata ƙarfe, tana takawa da sanda mai ƙafa huɗu daga gado zuwa banɗaki. Ɗakin na da ɗumi kamar yadda aka yi alkawari, matar Teokotai kuma ba ta rage ta da komai ba. Maganar komawa ce dai ba a yi. In ta ɗauko ta sai a ce bari sanyi ya wuce, in ya wuce a ce bari a ga likita.

Watannin farko Nooroa kan turo hoto kowace Asabar: sumunti a share, furanni sababbi a kwalba. Daga baya ya koma sau ɗaya a wata, sannan ya riƙa cewa wayarsa ce ta lalace. Ba ta ga laifinsa ba, yana da rumfa da 'ya'ya biyar. Hoton ƙarshe da ya turo shi take sa jikarta, 'yar Teokotai, ta buɗe mata kowace safiya, a daidai lokacin da ta saba ɗaukar tsintsiya. Ɓangaren Ngatupuna a share yake. Na hagun, da yake babu kowa a ciki, Nooroa bai ga dalilin share shi ba, ganye ya rufe shi har ba a ganin sumuntin. Can baya, a jingine da baranda, ga babur ɗin da sabuwar tayarsa a saɓule, ko 'yan gashin robar da ke jikinta ba su gama gogewa ba.