Kukan Fambel Bayan Takaba

Da na fita takaba, ni kaɗai na rage a gidanmu na Kazaure, sai tsohuwar motar maigidana a ƙarƙashin rumfa. Babban ɗanmu yana aiki a Kano, ƙanwarsa tana aure a Daura. Ya so a sayar da motar, na ce a bar mini. Ina koyarwa a wata firamare a Gwiwa, kuma Malam, maigidan nawa, ya koya mini tuƙi tun yana da lafiya, ko da yake kusan kullum shi ke kai ni.

Lokacin damina ce. Ranar da na fara fita da motar, ina murɗa makulli sai ta saki wani siririn kuka daga gaba, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na san kukan. Da can in ta yi haka, Malam yakan sauka ya buɗe bonet, ya ɗan jima, ya dawo yana goge hannu da tsumma. Ranar na zauna riƙe da sitiyari kamar mai jiran wani ya sauka ya duba, sannan na ja ta a haka.

Na yi makonni ina tafiya da kukan. In inji ya ɗau zafi sai ya lafa, in na kunna fitila ko na ratsa ruwa sai ya dawo. Masu babur su riƙa waiwayena. Ɗana yakan kira mu gaisa, in ce masa komai lafiya.

Wata Asabar na kai ta wajen abokin Malam, wani dattijon bakanike da ke da gareji a bayan tasha. Ya sake yi mini ta'aziyya, ya ce in tayar da ita. Ya ɗauko buta ya ɗiga ruwa a kan wata baƙar roba da ke juyawa a gaban inji. Nan take kukan ya ƙaru.

"Matso ki gani, Hajiya," in ji shi. "Wannan shi ne fambel."

Ya bayyana mini cewa shi ke juya altaneta mai cajin batir. In an zuba ruwa kuka ya ƙaru, to fambel ya saki, santsi yake yi. In kuwa kukan bai canja ba, sai a zargi boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin altanetar. Ya kashe motar, ya cire fambel ɗin ya lanƙwasa, bai ga tsagewa ba. Ya sa hannu ya juya fuli-fulin, wato faya-fayen ƙarfen da fambel ke hawa, yana kasa kunne. Sai ya tsaya yana ta jujjuya robar.

"Ai ni na sa wa Malam wannan," ya ce. "Sabo ne, kuma sabo yakan saki in ya yi tafiya. Mun yi da shi zai dawo in ƙara ɗaurewa, sai ciwon ya zo."

Na kau da kai ina kallon titi har ya gama mayar da shi. Ya nuna mini notin da ake sassautawa, da yadda ake tura altaneta da ƙarfe kafin a ɗaure. Ya sa na danna tsakiyar fambel ɗin da babban yatsa. Ya ce ya nutsa kamar kaurin yatsa ɗaya kawai. In ya yi tauri kamar tsarkiya, boris zai ci. Da zan tafi ya nuna mini wani benci, ya ce a nan Malam ke zama duk Asabar, ko motar lafiyarta ƙalau, kuma yanzu ba mai zama.

Kafin damina ta zagayo idon dattijon ya yi rauni, 'ya'yansa suka mayar da shi Babura. Wani dabam ne ya canja mini fambel daga baya, sabon fambel ɗin ma ya saki a kan hanyar Gwiwa. Na tsaya gefen duwatsu, na jira inji ya huce, na sassauta notin. A nan na gane aikin na mutum biyu ne: in na riƙe ƙarfen, ba hannun da zai ja sifana.

Wata Bafillatana mai ƙwaryar nono ta tsaya tana kallona. Muka gaisa.

"Ke kaɗai ce, Inna?"

Na ce ni kaɗai ce. Ta sauke ƙwaryar, ta riƙe mini ƙarfen har na ɗaure. Na danna da yatsa, na tayar, motar ta tashi ba kuka. Na ce ta shigo in rage mata hanya, ta ce rugarsu tana nan bayan dutse. Ta ɗora ƙwaryarta ta bi ta cikin gero, ni kuma na goge hannuna da ciyawa, na wuce makaranta.