Horon da Aka Yi wa Goggo Dakata

A zamanin da ake koyar da ɗinkin hannu a makaranta kamar yadda ake koyar da lissafi, malama ba ta duban fuskar aiki. Yarinya za ta kawo ƙyallenta da furanni a jere, malama ta karɓa, ta kifa shi, ta dubi bayansa. In ta ga ƙulli ko zare yana lilo, sai ta ɗauki ƙaramin almakashi ta farke aikin mako guda ba tare da ta ɗaga murya ba, ta miƙo ƙyallen fari fat, ta ce, "Sake." Yaran da suka tashi a hannun irin waɗannan malamai sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka rantse su da allura har abada, akwai kuma waɗanda allurar ta kama ba ta sake su ba. Goggo Dakata tana cikin na biyun.

Ba wanda ya taɓa kiranta ta amsa da "na'am". Ko marigayi mijinta in ya dawo daga aiki ya yi sallama, abin da yake ji shi ne, "Dakata in kai ƙarshen layin nan." 'Ya'yan ƙannenta suka taso suna jin haka, suka ɗauka sunanta ke nan, kuma ba wanda ya gyara musu.

Aikinta na albashi a ɗakin waya yake, a ofishin kula da magudanan ruwa. In an bugo daga waje, ita ke haɗa mai bugowa da jami'in da yake nema. Da wayar hannu ta zo, kowane jami'i ya sa tasa a aljihu, akwatin haɗa wayar ya yi shiru. Daga baya ma ɓera ya cinye igiyoyin da ke bayansa. Goggo ta kai rahoto sau ɗaya, don kada a ce ba ta faɗa ba. Aka ce za a kafa kwamiti. Ta koma ta zauna jiran kwamitin, da allura a hannu.

Ɗakin yana da taga mai faɗi da kujera mai hannu da fanka mai kuka kamar tsohon keke. A nan ta fara zanen gadon. Farin ƙyalle ne mai kauri, wanda zai rufe babban gado har ya sauko ƙasa. A tsakiyarsa bishiya, kowane reshe da tsuntsayensa, kowane tsuntsu da irin ɗinkinsa. Ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne, kuma duk wanda ya san Goggo ya san ba mahalukin da zai taɓa kwanciya a kansa. Ta ɗan wuce rabi ke nan likitan ido ya haska mata fitila, sannan ya ce, "Goggo, ganin hanya da gane mutane za ki daɗe kina yi. Amma irin wannan ƙaramin ɗinkin, in akwai wanda kike son gamawa, kada ki ajiye shi sai baɗi."

Ta dawo gida ta shimfiɗa zanen, ta dubi rassan da ba su da ko tsuntsu ɗaya. Ta lissafa a ranta cewa in wayar ta ci gaba da mutuwarta lafiya, za ta gama.

Sai ɗan ƙaninta ya shigo cikin maganar. Manaja ake ce masa, ko da yake ba a taɓa ba shi ko da shagon katin waya ya riƙe ba. Ya halarci wani taron bita a otal, ya dawo da jaka mai tambari da sababbin kalmomi cike da baki.

"Goggo," in ji shi, "kin san baiwarki tana nan zaune tana ruɓewa?"

"Ruɓewa kuma? Wari ka ji?"

"Ba wasa nake ba. An ce mana mutum ya mai da abin da yake ƙauna ya zama aikinsa, shi ke nan ya daina wahala har ya mutu. Akwai masu ɗinka kayan 'yan wasan kwaikwayo. Akwai masu gyara tsofaffin tufafi a gidan tarihi. Akwai masu zana wa masaƙa furanni. Ko a wajen ɗinki ma, mai hannu irin naki masu ɗaure littattafai na nemansa, asibitin dabbobi na nemansa."

"Wato in bar tsuntsayena in je in ɗinke cikin akuya."

"To, ga wanda ya fi duka. Cibiyar koyar da sana'o'i tana neman malamar ɗinkin hannu. Yini guda kina ɗinki, ana biyanki, ana ce miki Malama."

A nan ne ya same ta. Tun tana yarinya, tana tsaye gaban tebur ƙyallenta a kife, take ganin ba kujerar da ta kai ta malamar ɗinki daraja a duniya. Dangi kuma suka taya, musamman waɗanda ba su iya sa maɓalli ba. Kafin wata ya ƙare Goggo ta ajiye aikin ofis. Ranar ne shugaban ofishin ya san akwai ɗakin waya a gininsa, ya kuma yi jawabi mai taɓa zuciya a kan yadda za a yi kewarta.

Ajin da aka ba ta a cibiyar yana can ƙasan bene, kusa da ɗakin janareta. Ba taga. Doguwar fitila ɗaya ce a sama, tana ƙifta ido kamar mai jin barci. Ɗalibai mata ne cike da ɗaki, wasu da goyo, wasu sun zo ne saboda an ce a ƙarshen koyon za a raba keken ɗinki. Aikin da Manaja ya kira yini guda ana ɗinki, ga yadda yake: da safe Goggo ta zura wa kowa zare a allura. Kafin ta kai ta ƙarshe, zaren ta farko ya sarƙe. Ta warware. Ta raba faɗa a kan almakashi. Ta kira suna. A fito da ita tsakar gida a ɗauke ta hoto tana riƙe da allura marar zare tana murmushi. In ta koma gida, idon ya gaji da fitilar nan, har ba ta iya bambanta baƙin zare da shuɗi. Zanen gadon ya yi watanni a jaka, ana kai shi aiki ana dawo da shi kamar yaron da ba a sami mai reno ba.

Manaja yakan tambaye ta, "Goggo, ya daɗin aiki?"

"Daɗin ya yi yawa, ɗana. Har allura ta manta kamannina."

Ana nan sai Darakta, shugabar cibiyar, ta sauko ƙasan benen da kanta, abin da ba ta saba ba. Mace ce mai turare da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Ta ce masu ba cibiyar tallafi za su zo ranar Litinin, za a baje musu rigunan matashin kai da ɗalibai suka yi wa ado.

"Ki goge su, Malama, ki jera su yadda za su ɗauki ido."

Ranar Juma'a ɗalibai suka tara aikinsu suka tafi. Daga fuska, ba laifi. Furanni sun yi kama da furanni, in mutum yana da kirki. Goggo ta jona dutsen guga. To, duk wanda ya san aikin allura ya san ba a goge shi ta fuska, don kada adon ya kwanta. Kifa shi ake yi a kan tawul a goge ta baya. Ba da niyyar komai ta kifa na farkon ba.

Abin da ta gani ya sa ta zauna. Ƙulli a kan ƙulli. Zare ya tashi daga wannan fure ya tsallaka fili ya faɗa wancan, kamar igiyar shanya. Ta ce bari ta yanke ƙulli ɗaya kawai. Da ta yanke, ganye ya kwance. Ganye ba ya tsayawa shi kaɗai, sai reshen ya bi shi. Ta kifa na biyu, ya fi na farko. Hannunta ya tuna abin da aka yi masa yana ƙarami, ya shiga yi wa wasu, a natse, ba gaggawa. Ta dawo Asabar, ta dawo Lahadi, tana gaya wa kanta cewa in ta gama farkewa za ta sake ɗinke su duka yadda ya kamata. Da idon da ya rage mata, a ƙarƙashin fitilar nan, biyu ta iya sakewa.

Ranar Litinin baƙi suka shigo, Darakta a gaba tana bayani. Suka tarar da tebura jere da fararen rigunan matashi, an goge su sumul, an ninke su daidai, kowace da ƙananan hujojin allura a siffar furen da ya taɓa zama a wurin. Wani dattijo cikin baƙin ya ɗaga ɗaya ya duba ta haske, ya tambaya cikin ladabi ko ɗaliban za su fara ne bayan an ƙara tallafin.

Fushin Darakta bai dami Goggo ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Maman Biyu, wata ɗaliba mai tagwaye, wadda ta yi nata aikin da ɗaya a baya ɗaya a cinya. Ta ɗauki ƙyallenta ta juya shi, ta sake juyawa, hawaye na zuba.

"Malama, bayan nan wa zai gan shi? Kai fa ake ɗorawa a kai. Shi ne abu na farko da na taɓa yi da hannuna."

Goggo ta buɗe baki za ta ce "sake", kalmar ta ƙi fita.

Korarta ba ta yiwu ba, domin hotonta ne a kan babban allon da ke ƙofar cibiyar, kuma allon bai daɗe da kafawa ba. Darakta ta yi tunani ta samo horon da ya fi kora zafi.

"Daga yau ba ke ba aji. Ki hau bene na uku ki yi gadin ɗakin nuni. Ki zauna can ke kaɗai, ki yi tunanin abin da kika aikata."

Ɗakin nuni wuri ne da aka tara tsofaffin kekunan ɗinki da kofunan yabo da hotunan manyan baƙi. Ba mai hawa, saboda matakalar tana da tsawo kuma ba a raba komai a can. Taga biyu ne da shi, ɗaya gabas ɗaya yamma, rana ta shigo da safe ta nan, ta fita da yamma ta can. Goggo ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta daɗe. Sannan ta share tebur mafi girma, ta kwashe kofunan ta jera a ƙasa, ta zare zanen gadon daga jaka.

Ta sayi sabon ƙyalle da zare ta aika wa Maman Biyu, da saƙon cewa ta yi haƙuri. Bayan kwanaki matar ta hauro tana haki, ta kawo sabon aikin ta nuna. Goggo ta duba fuskar ta ce ya yi kyau, hannunta na dama a ƙarƙashin cinya, ta danne shi da nauyinta duka har baƙuwar ta sauka.

Tsuntsaye suka fara sauka a kan rassa. Da an bar ta haka, da shi ke nan. Amma Manaja ba ya barin dangi a cikin wulaƙanci. Ya yi ta zirga-zirga a ofishin Darakta, ya kawo dattawan gida, ya yi magana a kan shekarunta da rashin mijinta. Wata safiya aka aiko Goggo ta sauko. Ta tarar da Darakta a zaune tana murmushin masu yafiya, Manaja a gefe yana washe baki.

"Malama, ɗanki ya roƙa, kuma ni ba mai riƙo ba ce. Ranar Litinin ki koma ajinki."

Goggo ta ji kamar an kashe fitila. Ta dubi Manaja, ta dubi Darakta, idonta ya sauka a kan mayafin da ke kafaɗarta, mai furanni a gefe. Duk cibiyar an san mayafin nan, don ba baƙon da Darakta ba ta gaya wa cewa da hannunta ta yi masa ado ba.

"Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara girma. Ɗan ba ni gefen mayafin nan in gani."

Darakta ta miƙa da jin daɗi. Goggo ta kifa shi, ta kawo shi kusa da tabarau, ta girgiza kai a hankali.

"Ranki ya daɗe, wanda ya yi miki wannan, ki karɓe allurar daga hannunsa tun bai ji wa wani ciwo ba. Da ƙafa ya yi shi?"

Darakta ta fizge mayafinta.

"Ki koma sama. Kada in sake ganin ƙafarki a aji sai kin koyi magana."

A gindin matakala Manaja ya tare ta, kamar zai yi kuka. "Goggo, me ya kai ki? Aikin da mutane ke mafarkinsa kika zubar da bakinki!"

"Tsufa ne, ɗana. Baki ba ya jin magana. Amma ka yi wa Allah, kada ka sake wahalar da kanka a kaina."

Likita ya ƙara mata kaurin tabarau tun daga lokacin, kuma tsuntsayen baya-bayan nan sun fi na farko girma, don ƙananan sun fara gagararta. Reshe ɗaya ya rage, na can ƙasa ta hagu. Kullum da safe, kafin ta hau, takan tsaya a ƙofar Darakta ta gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa da fuskar wadda aka zalunta, don kada a ga alamar jin daɗi a tare da ita a fahimci an yi kuskuren horo.