Albarkar da Nake Karɓa Ba Tawa Ba Ce

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wata rumfa a bakin tasha a Rano, mutane sun ɗauke ni mutumin kirki fiye da yadda nake. Duk baƙon da ya mutu ba dangi, ko mai taɓin hankali da aka tsinci gawarsa a kasuwa, daga rumfata likkafaninsa yake fitowa. Ana ta sa min albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar wani waliyyi.

Alhali ɗinkin ne kawai nawa. Farin yadin wata tsohuwa ce take kawo min a ƙunshe cikin zani. Ita ce magajiyar gidan mata masu zaman kansu da ke bayan tasha. Da Shari'a ta zo gidan ya watse, wasu suka yi aure, wasu suka bar jihar. Ita kaɗai ta rage tana tuyar ƙosai, don ba ta da inda za ta koma. Kullum sai ta ja min kunne: "Tela, kada ka ce ni ce. In suka ji daga hannuna ya fito, wallahi cire wa gawar za su yi."

Ranar da ta rasu, har azahar ba macen da ta shiga yi mata wanka. Muna zaune a ƙofar masallaci, wani ya ce a sanar da hukuma su turo ma'aikata su rufe ta a gefen baƙi na maƙabarta. Liman ya ce Musulma ce, ko mutum biyu ne zai sallace ta, amma wa zai yi mata sutura? Sai wani Alhaji ya juyo ya ce, "Tela, kai ka saba da wannan aikin lada, sai ka taimaka."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Alhaji, ban taɓa sayen ko yadi ɗaya ba. Duk waɗanda muka rufe, ita ta suturta su."

Sai Alhajin ya ce, "Ashe kai ne abin tausayin." Ya miƙe ya tafi ɗauko makara.

Mahaifiyata ce ta yi wankan, ita da maƙwabciyarta. Sun bincike ɗakin kaf, ba su sami ko ƙyallen fari ba, ba ta ajiye wa kanta komai ba. Na ruga kasuwa na yanko yadi, na ɗinka.

Na karya mata alƙawari, kuma ban yi nadama ba. Abin da yake ci min rai har yau shi ne, tana raye na bar ta tana wucewa ana kau da kai, ni ina amsa amin. Na yi shekaru ina ɗinka likkafani, amma nata ne na farko da na saya.