Albarkar da Na Hana Autana

Da ana mayar da jiya, da na buɗe baki ranar da autana zai bar Roni. Ya ƙudurta zaga ƙasashe da jakar goyo, ta Babura ya shiga Nijar, har Senegal. Ya durƙusa gabana a zaure, nauyin jakar na rinjayarsa baya, ya ce, "Baba, a sa mini albarka."

Na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Wai ni mai zuciya, an bar mini gona ana dab da shuka. Gonar banza! Ya gaji da durƙuso, ya miƙe ya fita.

Yanzu mahaifiyarsa kaɗai yake kira. Haushin kaina ya hana ni sakat. Don Allah, in ɗanku ya durƙusa, ku sa albarkar tukuna, faɗa ya biyo baya.